Akwatin Ajiya na Gida: Yadda Ake Isa Gare Shi Daga Nesa Bayan Kamfani Ya Rufe Hanyarsa

An rubuta wannan shafi domin magidanta, shugabannin ƙungiyoyi da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Filinge da ƙasar Kurfey, waɗanda suka ajiye hotuna, takardu ko lissafi cikin akwatin ajiya na gida, suka saba buɗa shi da salula daga nesa, sai wata rana manhajar ta ƙi buɗawa. Zai amfani kuma wanda bai mallaki irin wannan akwati ba, amma yana ba kamfanonin intanet ajiyar kayansa. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a mafi yawan lokaci kayan ba su ɓace ba, suna nan cikin akwatin. Hanyar da kamfani ya shimfiɗa tsakaninku da shi ita ce ta mutu, kuma ana iya shimfiɗa wata.

Mine ne akwatin ajiya, mine ne gajimare?

Akwatin ajiya wata ƴar na'ura ce wadda girmanta bai wuce na babban littafi ba. A cikinta akwai faifai mai ɗaukar hotuna, bidiyo, murya da takardu. Ba a soka ta jikin kwamfuta guda kamar yadda ake soka kile USB. Ana haɗa ta da igiyar waya zuwa akwatin wifi na gida ko na ofis, ta yadda duk salula da kwamfutar da ke kan wannan wifi za su iya zubawa da ɗiba. Masu sayar da kayan kwamfuta suna kiran ta NAS. Daga cikin kamfanonin da suka ƙera ta akwai Western Digital, Seagate, Synology da QNAP. A nan wajenmu irin wannan akwati yakan zo ne ta hannun poroje da ya bar wa ƙungiya kayan aiki, ko ɗan bida da ya aiko wa gida, ko kuwa an saye shi na hannu a Yamai. Saboda haka da yawa daga cikinsu tsofaffi ne.

Shi kuwa abin da ake kira gajimare, ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne na kamfanoni, jere cikin gine-gine a Turai, Amurka da wasu ƙasashe. Aikin da suke yi muku iri biyu ne, kuma wajibi ne a rarrabe su.

Iri na farko, kamfani ne ke riƙe da kayan da kansa, kamar Google Drive. Wannan ya yi kama da wanda ya kai hatsinsa bankin cimaka: idan banki zai rufe, sai ya je ya kwashe kafin ranar da aka sa, in ba haka ba ya yi asara. Iri na biyu, hatsi yana cikin rumbunku na gida, kamfani ɗan aike ne kawai. Kuna Yamai ko Kwatano ko Abijan, kuka ce a kawo muku takarda kaza, sai ɗan aike ya je rumbu ya ɗauko. Ranar da ɗan aike ya bar aiki, rumbu yana nan cike, sai dai babu mai kawowa. A kan iri na biyu ne yawancin bayanin nan zai tsaya.

Abin da ya riga ya faru

Rufe irin wannan hidima ba baƙon abu ba ne. Kamfanin Pogoplug ya tsai da tasa a 2017. Seagate ya rufe hanyar shiga akwatunansa daga nesa, wadda ake kira Seagate Access, a 2018. Western Digital ya daina kula da tsofaffin akwatunan My Cloud masu tsarin OS 3 a ranar 15 ga Afrilu 2022: daga ranar babu shiga daga nesa, babu sabunta tsaro, amma ana iya buɗa su daga cikin gida. A ɓangaren masu riƙe kaya da kansu, Amazon Drive ya rufe a ranar 31 ga Disamba 2023, bayan sanarwar da ta wuce shekara guda.

Akwai kuma rufewa ta ɗan lokaci. A ƙarshen Maris 2023 ɓarayin intanet sun shiga kwamfutocin Western Digital, a farkon Afrilu kamfanin ya kashe hidimar My Cloud har kimanin kwana 10. Masu wasu sababbin akwatuna sun tarar ko a cikin ɗakinsu ba su iya buɗawa, domin akwatin yana neman izinin kamfani kafin ya buɗe, sai da kamfanin ya fitar da bayanin yadda za a kunna shiga ta cikin gida.

Wata rufewar kuma ba daga kamfani take zuwa ba. Idan poroje ne ke biyan kuɗin hidimar, ranar da poroje ya ƙare biya ya ƙare. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya a ƙasashen Afirka. Duk ƙungiyar da ta gaji kayan aiki daga wani poroje ya kamata ta tambaya: da sunan wa aka buɗe asusun, kuma wa ke biya?

Aikin farko: a kwafe kayan daga cikin gida

Kafin a yi tunanin shiga daga nesa, sai a tabbatar kayan suna nan, a kuma yi musu kwafi. Wannan aiki a gida ake yin sa, kusa da akwatin.

A kunna akwatin ajiya da akwatin wifi, a sa kwamfuta ko salula kan wannan wifi ɗin. Ba a bukatar kuɗin intanet a nan, domin na'urorin suna magana ne tsakaninsu cikin gida. Kowace na'ura da ke kan wifi tana da lamba da ake kira adireshin IP. Ta cikin gida takan fara da 192.168, misali 192.168.1.20. Ana ganin ta a shafin sarrafa akwatin wifi, inda aka jera na'urorin da ke haɗe. A kwamfuta mai Windows, sai a buɗe wurin da ake duba dosiye, a rubuta layi biyu masu karkata baya sannan lambar, kamar haka: \\192.168.1.20. A salula kuma akwai manhajojin duba fayil masu iya shiga ta hanyar da ake kira SMB. Za a nemi suna da kalmar sirri ta akwatin, wadda sau da yawa dabam take da ta asusun kamfani.

Da zarar ya buɗe, a kwafe komai zuwa wani faifai dabam. In wuri bai isa ba, a fara da abin da ba shi da madadi: takardun haihuwa, takardun gona da na fili, katin allurar yara da na dabbobi, littafin bashi da zubi na ƙungiya, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Finafinai da waƙoƙi su zo daga baya, ana samun su wajen masu turi a kasuwa.

A nan akwai kuskure guda da ke cinye kayan mutane fiye da rufewar kamfani. Idan akwatin ya ƙi buɗawa, mai gyara yakan ciro faifan ya haɗa shi da kwamfuta. Yawancin akwatunan nan suna rubutu ne da tsarin Linux, wanda Windows ba ya karantawa. Sai kwamfuta ta ce faifan yana bukatar a yi masa “formater”. Kada a yarda. Ma'anar wannan kalma ita ce a share faifan duka. Haka nan kada a zaɓi “réinitialiser” ko mai da akwati yadda ya fito daga kamfani, sai in wanda ya san aikin ya tabbatar ba zai taɓa kayan ba. Mai gyaran da ya dace shi ne wanda zai buɗe faifan da kwamfuta mai Linux. Ku tsaya a kansa har ya gama. Faifan da ke ɗauke da takardun iyali ba abin barin kwana a shago ba ne.

Mi ya sa salula daga nesa ba ta ganin akwatin?

Wannan tambaya tana bukatar natsuwa, domin wanda ya fahimce ta ba za a sayar masa da aikin banza ba.

Lambar nan mai farawa da 192.168 ta cikin gida ce kawai. Kamar a ce “ɗakin tsakiya” ne: kowane gida yana da nasa, amma ba a aika wasiƙa daga Agadas da wannan suna. Don a same ku daga waje, sai gidanku yana da adireshin da duniya ta sani. Tsohon tsarin adireshi, wanda ake kira IPv4, yana da lambobi kimanin biliyan 4 da miliyan 300 ne kacal, alhali na'urorin duniya sun zarce haka nesa ba kusa ba. Don haka kamfanonin salula sukan haɗa mutane masu yawa a kan adireshi guda. Ma'aikata suna kiran wannan dabara CGNAT.

Dattawa za su tuna lokacin da gari guda ke karɓar wasiƙa ta akwatin gidan waya ɗaya. Idan kai ka fara aika wasiƙa, mai kula da akwatin ya san ka, in amsa ta zo zai kawo maka. Amma baƙon da ya rubuta lambar akwatin kawai, bai sa sunan kowa ba, wasiƙarsa ba ta da inda za ta. Haka intanet na katin salula yake. Kuna iya fita ku nemi abu, amsa ta dawo muku, amma wani daga waje ba ya iya fara ƙwanƙwasa muku ƙofa.

To, yaya kamfani yake yi a da? Akwatin ajiyarku ne ke fara kiran kwamfutar kamfani, ya bar layin a buɗe. Ku ma daga nesa salularku ta kira kamfanin. Sai kamfani ya haɗa ku. Shi ya sa abin yake aiki ba tare da kun gyara komai ba, shi ya sa kuma ya tsaya cak ranar da kamfani ya daina amsa kira.

A Filinge da ƙauyukan Kurfey, mafi yawan masu intanet a gida da katin salula suke samun sa, na Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom. Saboda haka sai a ɗauka adireshin na tarayya ne har sai an gwada. Gwajin ba shi da wuya. A shafin sarrafa akwatin wifi akwai inda aka rubuta adireshin waje, wanda ake kira WAN. A rubuta shi a takarda. Sannan a shiga ɗaya daga cikin shafunan intanet masu nuna wa mutum adireshinsa na IP. Idan lambobin biyu sun bambanta, ko ta akwatin wifi ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to adireshin na tarayya ne. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar bisa izini a 2025, shi ma a kan tsarinsa na gidaje haɗa mutane yake yi a kan adireshin IPv4 guda. Sayen sa kaɗai ba ya warware wannan matsala.

Buɗe ƙofa kai tsaye

Shawarar da aka fi ji ita ce a buɗe ƙofa a akwatin wifi, ta yadda duk wanda ya zo daga waje za a wuce da shi kai tsaye zuwa akwatin ajiya. Da yake adireshin gida yakan canza, sai a haɗa da wata hidima da ake kira DDNS, mai ba gida suna tsayayye. Wannan hanya ba ta aiki sam idan adireshin na tarayya ne. Kada ku biya kowa kuɗin ta kafin a yi gwajin da aka bayyana a sama. Hidimar sunan ma tana iya rufewa: kamfanin Dyn ya tsai da tasa ta kyauta a 2014, ta No-IP kuma sai an sabunta ta duk kwana 30.

Ko inda take aiki, ban ba kowa shawarar ta ba a kan tsohon akwati. Ƙofar da kuka buɗe wa kanku, kun buɗe wa duniya ne. Ɓarayin intanet suna da na'urori masu zagaya adireshi dare da rana suna taɓa ƙofofi, ba ruwansu da ko gidan na attajiri ne ko na talaka. Akwatin da kamfani ya daina sabuntawa kuwa, kwadonsa ya tsufa, an kuma san yadda ake ɓalle shi. A watan Yuni 2021 masu akwatin My Book Live a ƙasashe da yawa sun wayi gari an share musu komai daga nesa; rabon akwatin da sabuntawa tun 2015, kuma abin da kamfanin ya ce shi ne a cire shi daga intanet. A Janairu 2022 wata cuta mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin dubban akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet, ɓarayin suka nemi kuɗin fansa da bitcoin.

Wasu akwatuna suna buɗe wa kansu ƙofa ba tare da sanin mai su ba, ta wani tsari da ake kira UPnP. A nemi wurinsa a akwatin wifi a kashe shi.

Ɓoyayyar hanya

Hanyar da ta fi aminci ita ce wadda ake kira VPN. Ma'anarta a haƙa ɓoyayyar hanya tsakanin salularku da gidanku, wadda ba mai shiga sai mai mabuɗi, abin da ke wucewa cikinta kuma a rufe yake, ko an tare shi ba a iya karantawa. Idan ta haɗu, salular da ke Yamai takan zama kamar tana zaune kan wifin gida, sai a buɗe akwatin da lambarsa ta 192.168 yadda aka saba. A lura, wannan dabam take da manhajojin VPN na kyauta da matasa ke saukewa don buɗe shafuna. Waɗancan suna kai mutum kwamfutar wani kamfani ne, ba gidansa ba.

WireGuard manhaja ce ta kyauta mai yin wannan aiki, kuma wasu akwatunan wifi, kamar na MikroTik na zamani, suna zuwa da ita a ciki. Sai dai tana bukatar gefe guda ya kasance yana da adireshin da ake samu daga waje. Ga masu adireshin tarayya akwai Tailscale da ZeroTier. Su suna gabatar da na'urorin biyu ga juna ko da kowacce tana bayan adireshin tarayya, kuma suna da tsarin kyauta ga mai amfani na gida.

Tsohon akwatin ajiya sau da yawa ba ya ɗaukar waɗannan manhajoji. Dabarar ita ce a ajiye masa mai gadi: wata ƴar kwamfuta kamar Raspberry Pi, ko tsohuwar kwamfutar hannu, a kan wifi ɗaya da shi. A kanta ake sa manhajar, ita ke karɓar mai zuwa daga nesa ta wuce da shi ga akwatin. Tsohuwar kwamfutar hannu tana da wata fa'ida a ƙasarmu, domin in batirinta yana da rai ba ta mutuwa da an ɗauke wuta. Shirya wannan ba aikin mai koyo ba ne, a nemi wanda ya iya. Matasan da ke sayar da tikitin wifi a unguwanni sukan san na'urorin MikroTik, ana iya farawa da tambayar su. Idan ya ce ya gama, a gwada a gabansa: a kashe wifi a salula, a kunna intanet na kati, a buɗe takarda guda daga akwatin. In ta buɗe a bakin ƙofar gida ta wannan hanya, za ta buɗe a Kwatano. Bayan haka a canza kalmar sirrin da ya gani.

Mai hankali zai ce: ai Tailscale da ZeroTier su ma kamfanoni ne, gobe suna iya rufewa ko su sa kuɗi. Gaskiya ne. An sake ɗan aike ne kawai. Amma yanzu kun san rumbu naku ne, kun san hanyar buɗa shi daga ciki, kuma ɗan aiken ba a jikin akwatin aka ɗaure shi ba, in ya tafi ana sa wani.

Wuta, rezo da zafi

Duk dabarar da aka yi, shiga daga nesa yana bukatar abu uku a lokaci guda: wuta a gida, rezo a gida, da rezo inda kuke. Ɗaya ya faɗi, hanya ta yanke. Mun ga haka a ƙasa baki ɗaya. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula kimanin kwana 10. A farkon Agusta 2023 Najeriya ta tsai da wutar da take ba Nijar, Yamai da garuruwa da yawa suka shiga ɗauke-ɗauken wuta na watanni, har zuwa 2024. A ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba kuwa, sai faifan hasken rana da batir.

Ga misalin lissafi. A ce akwatin ajiya, akwatin wifi da ƴar kwamfuta suna cin watt 25 gaba ɗaya. A awa 24 sun ci 600. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1200, amma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe. Ke nan kayan nan kaɗai sun isa su cinye rabon batir guda na yini da kwana in rana ba ta fito sosai ba, kamar lokacin hazo ko tsakiyar damina. Gidan da ke son fitila da cajin salula daga wannan batir sai ya sake lissafi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi alkawarin lokaci: a kunna kullum daga hantsi zuwa azahar, ko ranar da na nesa ya kira ya ce yana bukata. A kashe akwatin ta hanyar da aka tsara masa. Fizge wuta yana cikin rubutu yana lalata faifai, shi ya sa masu wutar NIGELEC ke sa masa ondiler.

Kamfanoni sukan rubuta cewa akwatin ya yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ko 40 ba. A watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano a Filinge yana wuce haka. A ajiye shi a ɗakin ƙasa mai sanyi, bisa tebur, nesa da taga, kada a lulluɓe shi da zane yana aiki, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan iskarsa.

A sani kuma, saurin ɗauko kaya daga nesa ya dogara ne ga ƙarfin turawa na rezon gida, kuma ana cin kuɗin intanet gefe biyu. Shafin takarda da aka ɗauki hotonsa ba ya cin komai. Bidiyon biki na rabin awa yana iya cinye kuɗin mako.

Shin dole ne a shiga daga nesa?

Bukatar gaskiya ce. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, kuma tun 2020 an sha hana hawan babur a sassan jihar Tilaberi saboda rashin tsaro. Sakataren ƙungiya a Cikal ko Bonkuku da aka nema da takarda a babban birni ba ya iya komawa gida don shafi guda. Ɗan bida da ke neman takardar haihuwa a Abijan ma haka.

Duk da haka, idan aka duba abin da mutum ke nema in yana nesa, yawanci ƴan takardu ne da ba su kai 50 ba. Waɗannan kart memwar guda ta ɗauke su har da saura mai yawa. A kwafe su cikin salula ko kart kafin tafiya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A sa wa salular lambar kullewa. A yi hattara da kart na jabu mai rubutun girma a jiki: a cika ta da kaya, a cire, a mayar, a ga ko duk suna buɗewa.

Hanya ta biyu ita ce amintaccen mutum a gida wanda ya iya buɗa akwatin ya tura abin da aka nema ta WhatsApp. A nan karatun da ake yi a aji yake biyan kuɗinsa, domin sai dosiye yana da suna bayyananne, kamar “Takardun gona” ko “Zubi 2024”, kafin wani ya gano shi da kwatance ta waya. Dosiyen da aka bari da sunan da na'ura ta ba shi, ko mai shi ba ya gane shi bayan wata shida.

Akwai kuma manhajar kyauta mai suna Syncthing, wadda ke daidaita dosiye tsakanin na'urori biyu ba tare da ajiye kayan wurin kamfani ba. Duk lokacin da su biyu ke kunne suna da rezo, abin da aka ƙara a nan yakan bayyana a can. Amfaninta shi ne kwafin yana cikin salularku ko rezo ya ɗauke. Haɗarinta shi ne abin da aka share a gefe guda yana iya sharewa a ɗayan.

Ga takardu masu muhimmanci, ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce kwafi 3, a kan abin ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani gida ko wani gari. Gobara, ambaliya ko gudun hijira ba su barin mutum ya tsaya kwance wayoyi. Asusun Google yana ba da jiga 15 kyauta, ya isa ya zama kwafi na uku. Sai dai tun Disamba 2023 kamfanin yana da ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta salular Android tana cin wuri daga cikin jiga 15 ɗin. Takardar asali ta hannu kuma a adana ta cikin leda da akwatin ƙarfe saboda gara, domin ofisoshi da yawa ita suke nema.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Ƙungiyoyin mata na asusu da yawa suna sa wa akwatin kuɗinsu kwado uku, mabuɗai a hannun mata uku. Akwatin ajiya na ƙungiya ya cancanci irin wannan tsari. Kada kalmar sirri ta zauna a kan mutum guda, ko da shi ne ya fi kowa ilimi, domin mutum yana tafiya bida, ana canza masa wurin aiki, yana rasuwa. A rubuta cikin littafin ƙungiya sunan akwatin da irinsa, lambarsa ta cikin gida, sunan manhajar da ake shiga da ita daga nesa, adireshin imel da lambar salular da aka buɗe asusun da su. Kalmar sirri kuma a rubuta ta dabam, a rufe cikin ambulan, a ba mutum biyu ajiya. Kada ta zama 1234, ko shekarar haihuwa, ko sunan gari.

Lambar salular nan a kula da ita ƙwarai. Kamfanoni suna aiko lambar tabbatarwa ta kanta, kuma katin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfanin salula yana karɓe lambarsa ya ba wani. A riƙa sa masa kuɗi ana kira da shi lokaci lokaci.

Kamfanoni sukan sanar da rufewa ta imel, da Faransanci ko Ingilishi, wani lokaci watanni kafin ranar, wani lokaci ƴan kwanaki. Idan imel ɗin na ma'aikacin poroje ne da ya tafi, ba wanda zai ga sanarwar, don haka a mai da asusun kan imel na ƙungiya tun yanzu, a sa mutum guda ya riƙa duba shi ko sau ɗaya a wata. In saƙo ya zo ba a gane shi ba, a kai wa malamin aji ko wani amintacce ya karanta. A nemi abu biyu a ciki: ranar rufewa, da kuma ko kayan ne za a share ko hanyar shiga daga nesa ce kawai za ta tsaya. Kada a taɓa wata mahaɗa da ke cikin saƙon don rubuta kalmar sirri, domin ƴan damfara suna kwaikwayon irin wannan sanarwa. A shiga shafin kamfanin kai tsaye a tabbatar, sannan a fara kwafe kayan a cikin makon.